Takalmin Sarjan Nomau

A ƙofar gidan likita na Damagaram, shekarar samun 'yanci, ga wani tsohon soja zaune, takalmi ɗaya a cinya, yana ta goga. Babban yatsan ƙafarsa ya yi baƙi ƙirin, jini ya daina zuwa. Ya shafe shi da man shanun da yake shafa wa takalmin.

Malamin likita ya leƙo. "Sarjan Nomau! Baba, yau sai an yanke shi."

"Yaro, yatsu goma na kai wa Faransa, goma na maido. A gida zan bar ɗaya?"

Da gani ya daɗe rabonsa da karɓar oda. Ya cusa ƙafar, ya ɗaure igiya tam, ya nufi kasuwa, ƙudaje na yi masa rakiya. Takalmin kam lafiya lau yake.