Magulmaciyar Malam Sada

Da hantsi za ka gan shi ya ɗaure tsani a bayan babur, jakar kayan aiki a rataye, ya nufi gidan da ake sake wa wayoyin lantarki. Wani lokaci cikin Daura ne, wani lokaci sai Mashi ko Mai'adua. Shekara talatin da huɗu Malam Sada mai gyaran wuta ya yi yana wannan zirga-zirga.

Duk gidan da ya yi wa aiki, ba ya sauka daga tsani sai ya maƙala wata farar na'ura mai kamar murfin kwano a silin. Da ta shaƙi hayaƙi sai ta kwarma ihu. Da wayar gidan yake haɗa ta, ya sa mata batir don lokacin da aka ɗauke wuta. Wai in mai batir kaɗai ce, kwana uku ne maigida zai zare shi ya sa a rediyo.

Matan unguwarmu magulmaciya suke ce mata, don ko miya ka ƙona sai maƙwabta sun ji. Ni ma da aka gyara gidanmu, ina sa turaren wuta a kasko ta tasa ni gaba. Na aika aka kira shi.

"Baba Sada, don Allah cire mini wannan abar. Ko turare ba ni da ikon yi?"

"'Yata, matsar da ita zan yi bakin ƙofa. Cirewa kuwa, sai dai ki nemo wani."

Yana jan wayar ne ya gaya mini dalili, bai ko waiwayo ba. Yana da 'ya, Hadiyya, mai shekara huɗu. Wata rana bayan azahar tana barci a ɗaki, an manta dutsen guga a jone tun da aka ɗauke wuta. Aka kawo wutar. 'Yar maƙwabta ta hango hayaƙi, ta shigo da gudu tana "Wuta! Wuta!" Matan da ke daka a tsakar gida suka ce, "Alhamdu lillahi, an kawo. Je ki kunna fanka."

"Wuta biyu, suna ɗaya," in ji shi. "Ni ina can ina gyara ta gidan mutane."



Bara da bazara na yi irin wannan mantuwa. Ni da nake ganin ba uwar da ta kai ni kula. Na bar dutsen guga a kan zane, na fita wanki, 'yata Raihana 'yar wata takwas tana barci. Magulmaciya ce ta kira ni. Na fito da ita tana tari, hayaƙi har ya rufe labule.

Baba Sada, kai ne ka ƙi biye mini ranar da na so a biye mini. Ka rasa taka, ka tsare tawa.

Yanzu yanar ido ta rufe masa gani, ba ya bambance jar waya da baƙa. Ya jingine tsani a watan jiya, ba taro, ba takardar yabo. Ya zo mana sallama, ya sa sandarsa ya danna na'urar, ta yi ƙara. Raihana ta fashe da kuka, shi kuwa ya yi murmushi.

"Yi kukanki," ya ce. "Shi nake son ji."

Ya juyo wajena. "Da Hadiyya na nan, da ta kai ki."

Na gode, Baba. Allah ya jiƙan Hadiyya, ya ba ka lafiyar ido. Masu gyaran wuta, ku ɗauki tsanin nan daga inda ya jingine shi. Mu kuma iyaye mata, in magulmaciya ta yi ihu a kan turare, mu buɗe taga kawai. Kada mu yanke mata waya.