Mme Mampoi da Dutsen Kan Tukunya

Kafin rana ta leƙo kan tsaunukan Maloti, Mme Mampoi, wato Inna Mampoi da harshenmu, ta riga ta fasa ƙanƙarar da ta daskare a bakin durom ɗin ruwa da gindin ludayi. Daga nan ta kunna murhu, ta jera farantai a kan kantar da ke saman tanda don su sha zafi, ta ɗauraye waken da ta jiƙa tun jiya. Bargonta na ɗaure a ƙirji da ƙaton fil, takalman robarta suna ƙara a kan siminti. Kafin baƙi su fara fitowa da katakon zamiyarsu a kafaɗa, tukunyarta mai ƙafa uku ta daɗe a kan wuta, bakin murfin a liƙe da kwaɓaɓɓen gari, a samansa kuma ga wani baƙin dutse mai sulɓi, girmansa kamar kan jariri.

Shekara goma sha tara ke nan tana haka a gidan abincin wurin wasan zamiya a kan ƙanƙara na nan samanmu. Aikin da aka rubuta mata a takarda shi ne wanke tukwane da dafa wa ma'aikata abin da za su ci. Ranar Asabar ɗin nan za ta ajiye shi, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na gani.

Ni ne direban da ke hawo musu da gas da buhunan gari daga Butha-Buthe sau biyu a mako. Na yi shekara ashirin a ramin zinariya a Welkom, babu irin abincin banzan da cikina bai karɓa ba. Amma abin da ake ba baƙi a gidan nan shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ko mu 'yan rami da mun yi bore a kansa. Shinkafa ta zo maka samanta ya caɓe, cikinta tsakuwa. Wake kuwa ka iya harbin tsuntsu da shi. Naman rago ya iso kitsensa ya daskare ya yi fari kamar kyandir.

Ga kuma Lebusa, babban mai kai abinci, mutum mai ladabi har ladabin ya zama masifa. Ba ya iya ajiye faranti a gaban mutum bai gaishe shi ba. Zai tsaya da miya a hannu yana tambayar baƙo yadda ya tashi, da yadda ya baro mutanen gida, da yadda ya samu hanyar Moteng, alhali iska na shigowa duk lokacin da aka buɗe ƙofa. Kafin a gama gaisuwa miya ta mutu. Baƙi su koma gida su rubuta zagi a waya, Lebusa ya riƙa karanto mana lokacin cin abincin rana, muna dariya da cikakken baki, don mu abincin Mme Mampoi muke ci. Wani ya rubuta cewa ya faɗi sau bakwai a kan ƙanƙara, amma haƙorinsa bai karye ba sai a kan shinkafa.

Kukun lokacin sabon zuwa ne, Pravesh, daga Durban. Yaro ne mai takarda, ya yi aiki a manyan otal-otal na bakin teku, kuma ba malalaci ba ne. Da agogo yake girki. Shinkafa minti goma sha takwas, ko da wa zai mutu. In abinci ya fito ɗanye sai ya zagi gas, ya zagi mai sayar da shinkafa, har ni ya taɓa zargi da sayo wake na bara waccan. A makonsa na farko ya ga dutsen nan a kan tukunyar ma'aikata, ya ce kicin ɗinsa ba kango ba ne, ya ɗauka ya wurga shi cikin dusar ƙanƙara ta ƙofar baya. Mme Mampoi ta fita. Ta ari shebur, ta tono kayanta, ta wanke, ta mai da tukunyarta can lungun baya inda idonsa ba ya kaiwa.

Dariyarmu ta ƙare ranar da manaja, Ntate Venter, wato Baba Venter, ya tara mu a farkon Yuli, tsakiyar hunturu a nan wajenmu. Ya ce masu wurin sun gaji. In aka kai ƙarshen Agusta ba a daina zagin ba, za a rufe kicin, a riƙa hawo da burodi da nama mai sanyi a kwali daga gari, mace ɗaya ta isa ta sayar. Mutum goma sha uku za su sauka gida. A nan samanmu kuwa in ka rasa aikin hunturu, sai dai ka koma bin tumaki.

Mme Mampoi ta san inda ciwon yake. Na tambaye ta a bayan kicin me ya hana ta faɗa. Ta ce ta faɗa sau biyu. Na farko Pravesh ya ce mata ta kula da soso. Na biyu ya ce in ya ƙara ganin ta kusa da murhun baƙi, ba sai ta jira Agusta ba. Tana da marayun ɗanta uku a Mokhotlong, ba ta da bakin da za ta yi musu da mai farar hular kuku.

Sai ga wata Asabar, gida cike, kowa na jiƙe yana jin yunwa. Wata babbar mace, nas ce daga Maseru, ta ɗanɗana wakenta da naman rago ta ajiye cokali. Ba ta kira kowa ba. Ta ɗauki farantinta, ta nufi kicin da takalman zamiyar nan masu nauyi, tana tafiya kamar saniyar da aka ɗaure wa ƙafa. Lebusa na bin ta yana gaishe ta. Ta wuce Pravesh, ta bi ƙamshi har lungun baya, inda muke zaune mu huɗu da kwanonin dawa da wake da kabewa, turiri na tashi.

Ta tambayi na wa ne wannan. Muka ce na ma'aikata. Ta karɓi cokalin hannuna ba tare da neman izini ba, ta ci, ta lumshe ido.

"To, Ntate," ta ce da Venter da ya shigo a guje, "ashe a gidan nan sai an ɗauki mutum aiki ake ba shi dafaffen abinci? Ba ni soso in fara."

Fuskar Venter ta yi ja har kunnuwa. Ya juya ya tambaya wa ya dafa, da muryar da ba ka iya gane yabo ne ko kora. Na ga hannun Mme Mampoi na murza bakin bargonta. Tana iya cewa sa'a ce aka yi, ta tsira da aikinta na wata biyu. Amma ta miƙe, ba Venter ta kalla ba, Pravesh ta kalla.

"Ɗana, ruwan nan na sama maƙaryaci ne. Yana tafasa tun bai yi zafi ba. Kai kana ganin kumfa kana duba agogo, shi kuwa bai fara aiki ba."

Ta ba shi labarin yadda ita ma ta sha kunyar. Ba 'yar tsauni ba ce, daga Maputsoe da ke can ƙasa aka auro ta. Girkinta na farko a gidan miji, ta dafa wake yadda uwarta ta koya mata, surukinta ya tauna sau ɗaya ya tambaya ko an aiko ta ne ta rage masa haƙora. Uwar mijinta ce ta ɗauko ɗan dutsen niƙanta ta ɗora a kan murfi, ta liƙe bakin da gari, ta ce a tsauni sai an toshe wa turiri hanya sannan yake shiga abinci.

Na ɗauka Pravesh zai fashe. Can ya ce an taɓa faɗa musu wani abu mai kama da haka a makaranta, layi ɗaya ne a littafi, kuma wa zai tuna da tsauni yana kallon teku? Ya ce a gwada. Washegari da safe aka ɗora tukunya biyu, tasa da agogo, tata da dutse. Ya ci nasa, ya ci nata, ya cire agogon ya sa a aljihu. Ya ce, "Mme, ina ake samun irin dutsen nan?" Ta ce ya je ya tambayi dusar ƙanƙarar da ya jefa shi a ciki.

Daga ranar ta zama malama ba tare da an canza mata takarda ba. Ita ta sa a riƙa jiƙa wake tun jiya, a ƙara wa shinkafa ruwa da lokaci, a gasa farantai kafin a zuba abinci. Lebusa ya fi ba ta wahala, don ya ce shi ba a haife shi ya miƙa wa mutum abinci kamar ana ba kare ba. Ta ce babu wanda ya hana shi gaisuwa, ya ajiye farantin tukuna, sannan ya tambayi lafiyar kakannin baƙon in ya ga dama, ai mai tauna ba ya iya doguwar amsa. Har yau haka yake yi, kuma baƙi sun fi tambayar sa a kan kowa.

Agusta ta ƙare, ƙanƙara ta narke, ba a rufe kicin ba. Venter bai tara mu ya sanar ba. Kawai dai ya ba ni takardar sayayyar hunturu mai zuwa, na ga an rubuta dawa buhu shida da kabewa. Abincin ma'aikata ya hau kan takardar baƙi, shi ne ma yake fara ƙarewa.

Mme Mampoi, ke ce kika ciyar da mu muna dariya, kika kuma tsaya mana ranar da dariya ta ƙare. Ke ce aka jefar wa da dutse kika tono shi ba tare da zagi ba, kika jira har ranar da aka tambaye ki. Gidaje goma sha uku sun ci tuwo shekara goma sha ɗaya saboda kin buɗe baki a lokacin da yin shiru ya fi miki sauƙi. Hotonki ba ya jikin bango, baƙin da ke lashe faranti ba su san sunanki ba. Mu mun sani. Mun gode, uwar tukunya. Allah ya ba gwiwoyinki hutu, ya raya miki jikokin nan.

Ku kuma masu manyan takardu da ake turowa wuraren da ba ku sani ba, kafin ku jefar da abin da kuka tarar a kan murhu, ku tambayi mai wanke tukunya me yake yi a wurin. Ku da kuke lungun baya, in kun san abu, ku faɗa, ko da murya na rawa.

Yanzu kicin ɗin yana da tukwanen zamani masu murfin kulle har guda huɗu, suna huci kamar jirgin ƙasa. Duk da haka, da Pravesh ya ji za ta tafi, ya roƙe ta ta bar masa dutsen. Ta ce a'a, na uwar mijinta ne, aro ta yi, shekara goma sha tara dutsen niƙan gidansu na zaune babu ɗansa. Jiya da rana na gan shi ya gangara rafi da farar hularsa, furfura ta fara fito masa, ya dawo rungume da wani dutse yana haki. Ya miƙa mata da hannu biyu. Ta juya shi, ta auna nauyinsa a tafin hannu, ta ƙwanƙwasa shi da ludayi.

"Bai kai ba," ta ce. "Amma na ɗan koyo ne, zai yi."