Bangon Birkar da Na Ƙara wa Tsayi a Khaibar

A lokacin da abin ya faru na shekara goma sha biyar ina aikin gini a Madina, har mutanen unguwarmu ta Uhudu sun daina kiran sunana, sai dai mu'allim, wato gwanin gini. Wannan suna ya shiga kaina sosai. Ban taɓa zama ajin koyon gini ba, a hannun kawuna na koya tun muna Sudan, kuma ina ganin duk abin da ido ya auna ya wadatar.

Akwai wani dattijo maƙwabcina, jikan alhazan da suka zo da ƙafa, wanda nake kira Baba. Yana da gonar dabino a Khaibar, da birkar da ake tara ruwan rijiya a cikinta kafin a sake shi cikin gona. Ya ƙara dashe, ruwa ya daina isa, sai ya ce in ƙara wa bangon tsayi. Ɗansa da ya karanta injiniyanci yana wurin ranar da na je dubawa. Na yi masa magana da Hausa, ya amsa da Larabci cikin ladabi, cewa nauyin ruwa a gindin bango yake taruwa, idan an ƙara sama dole a ƙara kaurin ƙasa. Ya kuma ce ruwan wurin yana da gishiri, sai da siminti mai jure masa. Na yi dariya, na ce tun yana rarrafe nake ɗora bulo. Baba ya goyi bayana.

Na ɗora layi biyar a kan tsohon bangon, da simintin gama-gari da ke cikin motata, don ƙyuyar komawa Madina. Bayan shekara biyu Baba ya kira ni ya ce bangon yana tsatsafo. Na je na tarar da tsaga, da wani jan ruwa yana zubowa daga cikinta. Na san tsatsar rodi ce. Wallahi na sani. Amma faɗin haka yana nufin in amsa cewa ɗansa ya fi ni gaskiya, sai na shafe tsagar da siminti, na ce ba komai.

Wata huɗu bayan nan, da hantsi, Baba yana zaune a inuwar bangon yana tsince dabino, gefen ya ɓalle gaba ɗaya. Ruwa ya kwashe shi ya maka da kututture, bulo ya karya masa ƙugu. Da na shiga ɗakinsa a asibiti, ɗan ya tashi ya ba ni kujera. Baba ya dube ni ya ce, "Ɗana, da ka ce mini ba ka sani ba, da ban raina ka ba."

Ya yafe mini, amma har ya rasu bai ƙara taka gonarsa ba, a keken guragu ake kai shi Harami.

Kuskuren farko jahilci ne, wannan ina iya roƙa wa kaina uzuri a kansa. Shafe tsagar nan kuwa da sanina na yi, shi ne yake cina har yau. 'Yan'uwana magina, idan mai ilimi ya yi magana ku saurara ko da kun haife shi. Idan gini ya nuna ciwo, ku faɗa wa mai shi gaskiya a ranar, domin akwai wanda zai zauna a ƙarƙashinsa saboda ya yarda da ku.