Turakun Jirgi a Gonata

Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa ƙauyenmu ba, amma saura kaɗan ya cinye mini gona. Abin ya faru ne a shekarun da aka bar fam da sule aka koma naira. Lokacin mijina ya yi shekara biyu da rasuwa, ya bar ni da 'ya'ya uku da gonar shinkafa guda a fadama, kudu da Haɗeja. Gona ce doguwa siririya, ta yi iyaka da ta yayan mijina daga gabas. Da ita muke ci, da ita muke sutura, ba mu da wata.

Gara in faɗa tun yanzu, ni ba maƙiyiyar jirgi ba ce. Sana'ata turara shinkafa. In jiƙa shanshera, wato shinkafa mai ƙaiƙayi, in turara, in shanya, in surfa, sannan in ɗora wa jakin haya mu kama hanyar tashar Malam Madori, inda fataken Kano da na Nguru suke saye. A fita da asuba, ba a isa sai la'asar, ƙafa duk ta yi kaushi. Saboda haka ranar da mai shela ya zaga yana cewa gwamnati ta ware kuɗi za a fara aikin sabuwar hanyar jirgin fasinja, daga Malam Madori ta biyo ta Haɗeja ta ƙetare kogi ta nufi ƙasar Katagum, na fi kowa murna. Har na fara tunanin yadda zan zauna a kan benci da buhuna a ƙarƙashin ƙafa.

Masu awo sun zo da bazara, lokacin da fadama ta bushe ta tsattsage, akuya ma ba ta samun abin lasa. Shugabansu wani Kirista ne mutumin Jos, dogo, da gajeren wando da littafi a aljihu. Suka yi ta leƙe ta wani madubi mai ƙafa uku, suna kafa turakun katako masu jan kai, jeri biyu, miƙe sak. Layin ya ɗan gutsiri kusurwar gonata, wurin da bai fi shimfiɗar tabarma biyar ba. Amma ya bi ta tsakiyar gonar yayan mijina, ya bi ta gonakin wasu magidanta, har da ta dagaci kansa. Aka ce daga yau duk abin da ke tsakanin turaku na gwamnati ne, ba shuka, ba taɓawa.

Na kai wa masu awon ruwa a tulu, na tsaya ina kallo, bakina kuma bai iya shiru ba. Na ce wa shugaban, "Malam, nan da kake tsaye, da damina ruwa yana kawo wa namiji ƙirji."

Ya dube ni, ya dubi busasshiyar ƙasar. "Mama, da gaske?" Ya girme ni, amma Mama yake ce mini.

Na ce, "Ka dawo watan da gero ke fitar da kai, ka ga masunta a kan gora suna yawo a nan."

Ya ciro littafinsa ya rubuta. Na ji daɗin hakan, don ban saba a rubuta maganata ba.

Kogi kuwa bai san da zaman gwamnati ba. Damina ta yi, ruwa ya hau kamar yadda ya saba, ya tumɓuke turakun nan ya watsa su. Masunta suka riƙa tsintarsu a cikin ciyawar burgu suna kai wa dagaci, har suka taru a zaurensa. Hankalin dagaci ya tashi. Mutum ne mai tsoron hukuma ƙwarai, ko ɗan sanda ya gani a kasuwa sai ya gyara rawani. Da ruwa ya janye aka gama girbi, ya tara magidanta ya ce kowa ya ɗebi turaku ya mayar inda suke, kafin masu awo su dawo su tarar an yi wa gwamnati ɓarna.

Ba a kira ni ba. Taron maza ne a ƙofar dagaci, ni kuwa mace ce, kuma a ganinsu yayan mijina yana nan a madadina. Ruwa ya shafe ramukan, ba wanda zai iya rantsuwa ga ainihin inda turke yake. Sai kowa ya tuna cewa ai nasa ya ɗan fi karkata yamma. Na farko ya matsa taku biyar, na biye da shi ya ga haka ya matsa goma don layi ya haɗu, aka yi ta matsawa har aka iso gonar da ba ta da mai magana. Ban san an yi ba, don da rani ba abin da ke kai ni fadama.

Sai da hadari ya fara haɗuwa na ɗauki babbar 'yata muka je duba wurin kaftu. Na tsaya a bakin gona na kasa motsi. Jan kai jeri biyu, daga wannan ƙarshe har wancan, sun bi gonata a tsaye. Abin da ya rage mini a gefe da gefe bai fi hanyar ƙafa ba. Gonar yayan mijina kuwa fes, ko turke ɗaya babu, har an fara kafce ta. Shinkafar fadama ba ta jira: a kafce, a watsa iri da ruwan farko, ta kama ƙasa kafin kogi ya hau. Wanda ya makara ya rasa shekara ɗungurum.

Na sami yayan mijina a gindin tsamiya yana gyara ƙotar fartanya. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce, "Yaya, bara hanyar jirgi ta cikin gonarka ta bi. Yaya aka yi bana ta dawo tawa?"

Bai ɗago ba. "Inda muka tuna nan muka sa."

"Ku duka kuka tuna gonar marayu?"

Ya ce in iya bakina. Ya ce in ma gonar ta tafi, ai yaran 'ya'yansa ne, in kawo su gidansa su ci tuwo, ni kuma in yi aure kamar kowace mace. A nan na gane ba gona kaɗai zan rasa ba. Na tashi ban yi masa sallama ba, kuma har yau ban yi nadama ba.

Dagaci ya saurare ni yana ta shafa gemu. Ya ce, "Baiwar Allah, ki yi haƙuri. Turken gwamnati ne. Wanda ya cire shi gidan yari zai kwana." Na tambaye shi wanda ya cire na bara ya sa a wani wuri fa, ina zai kwana? Ya yi kunnen uwar shegu, ya shiga gaisawa da wani.

Washegari na tafi Haɗeja a ƙafa, ina tambaya har aka nuna mini inda masu awo suka sauka. Na tarar ana ɗaure akwatuna ana lodawa a mota. Mutumin Jos ɗin ya gane ni, ya sa aka ba ni kujera, na ƙi, na zauna a ƙasa na zayyana masa komai. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ga fuskata ya daina. Ya warware wata babbar takarda a kan akwati, ya nuna mini layi miƙaƙƙe da yatsa.

Ya ce, "Mama, hanyar gaskiya tana nan a takarda. Turaku alama ce kawai."

Na ce, "To yaushe jirgin zai zo?"

Ya ce kuɗin da aka ware na awo ne da zane, kuma sun gama, sun aika sama. Na shimfiɗa dogo wani kuɗi ne dabam, ba a ware ba tukuna. Ya ce maganar ruwan da na gaya masa ma ta sa sai an sake dubawa, don gadar da za a yi ba ƙarama ba ce. Zai iya zama baɗi, zai iya zama shekara goma, shi dai an mayar da shi wani wuri.

"Ka ba ni takarda in cire."

"Ba ni da ikon wannan, Mama. Wallahi ba ni da shi."

Na ga gaskiya yake faɗa, kuma na ji haushinsa duk da haka. Kowa yana da ikon kafawa, ba mai ikon cirewa. Na yi masa godiya na kamo hanya, kafin in iso gida na gama shawara.

Washegari da hantsi na yi, ido na ganin ido, lokacin da kowa ke gonarsa yana gani. Na ɗaura ɗamara na bi turakun ɗaya bayan ɗaya, ina girgizawa ina tugewa, 'yata tana tarawa. Maza suka daina kaftu suka dogara da fartanya suna kallo. Wani ya ce, "Ke, kin haukace?" Na ci gaba da tugewa. Muka ɗaure su dami biyu da igiyar kaba, muka ɗauka a ka, muka ratsa tsakiyar gari har ƙofar dagaci, mutane na biye da mu. Na sauke a gabansa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ga kayan gwamnati. Ka ce a tsare su, to ka tsare, ni ba ni da wurin ajiya. In za a kai ni gidan yari na shirya. Amma a zo da takardar masu awo tukuna, na gan ta da idona. A auna a mayar da kowane turke mazauninsa na gaskiya, kowa ya ga gonar da ya faɗa."

Yayan mijina ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke. Dagaci ya dubi damin, ya dubi magidanta, ya yi gyaran murya ya ce maganar ba ta gaggawa ba ce, za a duba. Na san abin da wannan ke nufi, na juya na tafi.

Ba wanda ya zo mini gayya a shekarar. Waɗanda muka saba taimakon juna duk suka sami uzuri. Ni da 'yata muka kafce gonar nan, hannuna ya yi kanta ya fashe ya sake yi. Mun makara, ruwa ya cim mana kafin mu gama watsa iri, ƙarshen gonar ta wajen kogi bai yi komai ba. Kullum in na ji kukan mota sai gabana ya faɗi, in ce 'yan sanda ne. Amma sauran gonar ta yi, ta yi kyau ma, har na yi kuka ranar da na ga ta sunkuyar da kai.

Al'adarmu ce in an yi girbi mai gona ya kai wa dagaci ɗan abin da ya samu, karɓarsa kuwa shaida ce cewa gonar taka ce. Na turara mafi kyawu, na surfa ta fari tas, na cika ƙwarya na rufe da faifai. Ban aiki yaro ba, da kaina na kai, a lokacin da zauren ke cike.

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ga shinkafar hanyar jirgi."

Ya daɗe yana kallon ƙwaryar. Ya ɗaga faifan, ya ɗebi shinkafar ya murza a tafin hannu. Sannan ya kira wani daga cikin gida ya ce, "A shiga da ita."