Inna Ba Ta Kai Damina Ba

Da rani Inna ta ba da gaskiya ga Yesu, a ƙauyenmu kusa da Tudun Wada. Rafi ya ƙafe, sai mai bishara ya ce a jira damina a yi mata baftisma. Ta wanke farin zanenta ta ajiye don ranar. A cikinsa muka binne ta.

Da rafin ya kawo, na tsaya ina kallon waɗansu suna shiga. Na ce, "Malam, ita fa? Za a karɓe ta?"

Ya ce, "Ɗana, Yesu ne ya mutu dominta, ba rafi ba."

Na riƙe maganar. Amma har yau in ruwan fari ya sauka, nakan rasa ko godiya zan yi ko kuka.