Ciwon da Dakta Onsing Ya Rubuta wa Yayansa

A gidan Baldevia ba a tambayar yaro abin da yake so ya zama. Don Anselmo, mai gonakin raken da suka kewaye garin Santa Brigida, tun 'ya'yansa suna tsumma ya raba musu aiki. Rustico, babban, wanda ake kira Tikoy, shi zai gaji kujerar magajin gari. Auta kuwa, Leoncio, da kowa ke ce wa Onsing, likita zai zama. Ba don yaron yana da kai ba, ko kusa. Tsohon dai ya lura cewa duk gidan siyasar da ya san ciwon kansa a tsibirin Negros yana da nasa mai sa hannu a takardar asibiti.

Aka tura Onsing Manila. Sau uku yana zama jarrabawar samun lasisi, a na ukun ya sha da ƙyar. Ranar da sakamako ya fito aka rataya ƙyalle mai hotonsa daga wannan gefen kasuwa zuwa wancan, aka gasa aladu uku, sai ka rantse maganin mutuwa ya gano. Ya dawo gida ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya, amma bai cika shekara biyu a ciki ba. Warin talaka ne ba ya iya jurewa. Mai saran rake zai shigo da ƙafar da adda ta tsaga, Onsing ya toge a bakin ƙofa da hankici a hanci, ya tambaye shi ina ke ciwo, alhali ga jini nan yana bin siminti.

Da ya ga abin ba nasa ba ne, sai ya juya kasuwanci, kuma a nan kam Allah ya ba shi. Ya gina asibiti mai gado talatin ya ɗauko yaran likitoci su yi aikin, ya buɗe kemis a gabansa, ya kafa injin ƙanƙara, can ƙarshen layin kuma ya buɗe shagon akwatin gawa. Hannunsa bai ƙara taɓa majinyaci ba sai zakarunsa na faɗa. Su kam in suka dawo fili da rauni, da kansa yake ɗinke su, a hankali, yana lallashinsu. Lokacin zaɓe ne kawai yake rataya abin sauraron ƙirji a wuya, a kafa rumfar magani kyauta, yaran su yi ta cire wa mutane haƙora shi kuma ana ɗaukarsa hoto yana shafa kan jarirai.

Aikin da aka haife shi dominsa kuwa bai taɓa wasa da shi ba. Ɗan kawunsa ya take mutum da mota, kafin 'yan sanda su zo Onsing ya rubuta masa hawan jini. Surukinsu ya ƙi amsa sammaci, aka samo masa ciwon ƙoda. Shekara ashirin da biyar babu Baldevia ɗaya da ya kwana a bayan kanta, kuma Onsing yana faɗin haka a wurin biki da alfahari, ba ko kunya.

Sai shari'ar gada ta taso. Gada ce da aka gama ginawa a takarda, mutanen ƙetaren kogi kuwa har yau da kwalekwale suke haye. Kotu a Manila ta ba da umarnin kama Tikoy, wanda a lokacin ya shekara goma sha biyar yana karɓa-karɓar kujera da matarsa. Kafin takardar ta iso, mutumin yana kwance a ɗakin saman asibitin ƙanensa. Washegari aka gungura shi gaban 'yan jarida a keken marasa lafiya, an ɗaura masa abin tallafe wuya, duk da ciwon zuciya aka ce yana da shi. Wa zai tambaya?

Hoton ƙirji da awon zuciyar da aka aika wa kotu na wani tsoho ne mai saran rake da ke kwance a ɗakin ƙasa na asibitin, aka goge sunansa aka sa na magajin gari. Daga nan Onsing ya kira Luding, babbar nas ɗin da ta fi shi sanin aikin nesa ba kusa ba, ya kafa mata doka: kada allura ko na'ura ta kuskura ta taɓa yayansa. Duk gwajin da aka yi na gaske zai bar shaida da kwanan wata, ya nuna Tikoy lafiyarsa ƙalau. In haka ta fito, Tikoy sai gidan yari, shi kuma lasisinsa ya tafi.

Wata huɗun farko daɗi kawai aka sha. Ana kawo wa Tikoy miyar taliya daga kasuwa kullum da safe, abokansa su zo a baje karta, kansiloli su hau sama su karɓi umarni su sauko. A wata na biyar ya fara barin abinci a kwano. Ya ce cikinsa na murɗawa, ya ce bayansa na sara. Onsing ya yi dariya har da dukan cinya, ya ce masa ya adana wannan wasan sai ranar da mutanen kotu suka zo, yanzu ai daga su sai su.

"Toto, ba wasa nake ba," in ji Tikoy, da sunan da yake kiransa tun yana rarrafe.

"Zaman wuri ɗaya ne, Manong. Ka rage cin kitse," in ji Onsing. Manong shi ne yaya a harshensu.

Luding ta tare Onsing a kan matakala ta gaya masa wandunan magajin gari sun fara zamewa, yana susa dare da rana, kuma farin idonsa ya soma yin rawaya. Ta roƙe shi ya bari ta ɗebi jini ko da ɗan kaɗan ne, ta kai wani gari da wani suna. Wani abu daga ragowar karatun Manila ya motsa a kan Onsing, ya san waɗannan alamun ba na alheri ba ne. Amma ya tuna ɗan sandan da ke gadin ƙofa, ya tuna bakin ma'aikatan ɗakin gwaji, sai ya danne abin. Har cewa ya yi ramar ta zo a kan gaɓa, hoto zai fi kyau.

A wata na takwas masu gabatar da ƙara suka gaji, kotu ta turo likitarta. Dakta Perla Sumagaysay ce, 'yar gajeruwa mai furfura, 'yar lardin Antique inda masu saran raken Baldevia suke fitowa. Onsing ya aika mata kwandon mangwaro masauki, ta maido shi ko ganyen da aka rufe shi da shi ba ta ɗaga ba. Da ta shigo, takardun da ya tara mata ba ta ko buɗe su ba. Ta ja fatar idon Tikoy ƙasa, ta danna cikinsa ta dama, ya yi ƙara. Nan take ta ce a kai shi birni a yi masa hoto.

Bayan kwana uku ta dawo ta kira Onsing baranda. Ya taho yana harhaɗa ƙaryar da zai kare tsohon awon da ita, gumi ya jiƙa masa riga.

"Zuciyarsa lafiya lau," ta ce. "Takardun nan ba nasa ba ne, ni da kai mun sani, kuma ba zan ɓata lokacina a kansu ba. Ciwon daji ne a hanji, ya riga ya cinye hanta. Da wani ya duba shi wata uku da suka wuce, da an yanke an huta. A asibiti yake kwance duk tsawon lokacin nan, ko ba haka ba, Dakta?"

Ta ce za ta rubuta wa kotu cewa mutumin ba zai iya zaman kurkuku ba, don gaskiya ce. Gaya wa majinyacin kuwa ta bar wa dangi kamar yadda aka saba, ta ɗauki jakarta ta sauka.

Labarin rahoton ya riga shi hawa sama. Ya tarar ɗakin ya cika, matar Tikoy ta sa an kawo gasasshen alade, kansiloli suna ta yi wa juna murna. Tikoy yana jingine da matasai uku, ya yi rawaya har tafin hannu, yana murmushi. Ya yafito ƙanensa, ya kama hannunsa, ya tambaye shi a gaban kowa yadda aka yi ya shawo kan wannan matar da ko mangwaro ba ta karɓa. Onsing ya buɗe baki. Ya dubi mutanen da suka zuba masa ido suna jiran su ji dabarar babban likita, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce sirrin aiki ne. Ɗaki ya ɗauki dariya da tafi, shi kuma ya ɗan rusuna yana karɓa.

"To tunda an gama da kotu," in ji Tikoy, bai saki hannun ba, "gobe ka duba min cikin nan da gaske. Na yi haƙuri saboda kai ka ce in yi."

"Sai gobe, Manong."

"Ni dama ban taɓa tsorata ba," Tikoy ya gaya wa matarsa. "Ina da likita a gida."

Onsing ya zare hannunsa a hankali, ya je ya ɗauki faranti.