Takwas Ce, Don Wence

Shekara goma sha tara shagona na jikin na Don Wenceslao Huamaní, a bene na biyu na kasuwar kwamfuta da ke titin Wilson, nan birnin Lima. Ni tawadar firinta nake sayarwa, shi kuwa tsofaffin kwamfutoci yake saye ya gyara ya sayar. Taurin kai gare shi kamar jaki, amma a sana'a ba shi da na biyu. Ka miƙa masa mai Windows ko Mac ko Linux, ya san inda zai taɓa ta zayyano masa kanta: saurinta, girman rumbunta, da lambar da ta baro masana'anta da ita. Ɓarayi kan kankare wadda ke manne a ƙasa. "Su yi ta kankara," in ji shi, "ta ciki ba ta goguwa."

Wannan suna da ya yi shi ya kawo masa Doña Primitiva, wata dattijuwa mai sayar da tamale, wani irin alalen masara da ake dafawa a ganye. 'Yarta Yesenia aka fizge wa jaka a tashar bas, ta bi ɓarawon da gudu, mota ta kwashe ta, ta rasu. A kwamfutar da ke jakar akwai waƙoƙin yankin Ayacucho da yarinyar ta naɗa da muryarta. Uwar ba ta da komai sai guntun kwali mai ɗauke da lambar.

"Ba na'urar nake so ba, Don Wence. Muryar kawai."

"Mamita, duk abin da aka sace a garin nan Wilson yake ƙarewa. In ta shigo hannuna, taki ce."

Ya manna kwalin a bango. Wata takwas, duk wadda aka kawo sai ya kira lambarta a allo ya gwada da ta kwalin kafin ya taɓa komai. Ita kuma kowace Juma'a sai ta hawo benen da tamale biyu, ta dubi fuskarsa, ta sauka.

Idonsa ya daɗe da fara gajiya, kowa ya sani. Na faɗa har na gaji. "Haba, Don Wence, sayi tabarau mana!"

"Tabarau na tsofaffi ne, maƙwabciya. Ke dai saya, ko kya daina yi wa ɗan dako kallon ɗan fim."

Wata Laraba aka kawo masa wata 'yar kwamfuta toka-toka. Ya kira lambar, ya ƙanƙance ido, ya ga B a tsakiya, kwalin kuwa takwas ya ce. Ya share rumbun irin sharar da yake alfahari da ita, sau uku, don kada wani ya tono asirin mai ita na da. Ya zuba mata Linux. Al'adarsa ce ya buga bayanan kowace na'ura da manyan baƙaƙe ya manna wa mai saye. Tawadarsa ta ƙare, sai ya kawo na buga masa.

Lambar kwalin nan na haddace ta don yawan gani. Takardar na fitowa na ga lambar, sak ta kwalin.

"Don Wence, takwas ce."

Ya kai takardar har kan hanci. Wallahi na so in zage shi, na so in rungume shi, na kasa ko ɗaya.

Na ce ya yi shiru, wa zai sani? Ya harare ni. Ran Juma'a ya faɗa wa Doña Primitiva komai a tsaye, hularsa a hannu. Ta buɗe kwamfutar, ta shafa madannan da suka koɗe.

"Nan yatsunta suka taɓa?"

"Nan ne, Mamita."

Ta ajiye masa tamalensa kamar kullum, ta rungume na'urar ta sauka.

Washegari ya zo da tabarau a fuska. Ban tsokane shi ba, har yau ban taɓa ba. Kwalin yana nan a bango, ya hana kowa cirewa.